Ranar da Kununa Ya Yi Ridda

Ba zan taɓa mantawa da auren Yaya Nura ba, ko na so in manta 'yan unguwarmu ta Wangsa Maju ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan abincin mamak cin roti sai wani ya ɗago hannu ya ce, "Hajiya Burkutu, an fito?"

Yayana digiri na uku yake yi a ƙasar Malay, ni kuma an turo ni daga Kano in yi kwas ɗin kwamfuta (in faɗi gaskiya, girki aka turo ni yi masa). Sai ya jajibo 'yar Malay, Aisyah. Babanta, Pak Haji, ya daɗe yana ja kafin ya yarda, don ya sha jin labarin fatin 'yan Najeriya. Sharaɗi ɗaya ya kafa: in ya ji ko da warin giya a wajen bikin, ya fasa.

Dangin amarya suka ɗauki nauyin abinci. Ni da bakina na ce abin sha nawa ne, kunun aya zan yi, su san mu ma daga gida muka fito.

Yaya ya ce, "Ki tambayi Anti Binta yawan da ake yi, ita ke yi wa 'yan Najeriya girkin biki a nan."

Na ce, "Yaya, kunu ne fa, ba tiyata ba."

Na ɗauki waya na bincika. Shafin farko da ya fito na bikin Turawa ne, lissafin giya suke yi: kowane baƙo kofi ɗaya duk awa. Na ce a'uzubillahi, sannan na kwafe lissafin. Ai maƙogwaro ɗaya ne. Na ƙara da cewa in Bature zai sha ɗaya, Bakano biyu zai sha tunda kyauta ce. Na ninka mutum ɗari huɗu da awa biyar, na sake ninkawa. (Ba wanda ya gaya min cewa a bikin Malay mutum zuwa yake ya ci ya tafi, wani ya zauna a kujerarsa. To, ban tambaya ba.)

Duk ɗalibin da ya ɓoye aya a akwatinsa sai da na ƙwace ta. Da ba ta isa ba na cika da kwakwa da dabino da sukari. Firij ɗinmu ya cika da robobin kunu, na maƙwabta ya cika, sauran robobin na jere su a baranda. Na ce kwana biyu ne kawai. A garin da wanki ke yin tsami kafin ya bushe!

Ranar ɗaurin aure muka jibge robobin a bayan zauren da aka kama a unguwar Danau Kota. Na ga sun kumbura kamar masu juna biyu, na ce albarka ce.

Su a al'adarsu ango da kansa yake karɓar aure. Zai riƙe hannun waliyyi ya faɗi jimlar karɓa da numfashi ɗaya, in ya yi tuntuɓe a sake, sai shaidu sun ce "sah", wato ya inganta. Yaya ya yi makonni yana haddar jimlar nan da Malay, har a banɗaki.

Zaure ya yi tsit. Yaya ya riƙe hannun Pak Haji, ya ja numfashi, ya fara.

Fau!

Murfin roba ya daki silin. Yaya ya sarƙe. Liman ya ce a sake. Ya sake farawa. Fau! Fau! Wata tsohuwa ta shige ƙarƙashin tebur da jakarta. Ni kuma don in rufa asiri na ruga na rungumo robobin da suka fi kumbura zan fita da su, kuma hanyar fita ta gaban ango take. A nan ɗaya ta tashi a hannuna, kumfa ta wanke hular Pak Haji har gemu.

Warin fa? Duk wanda ya taɓa wucewa ta lungun masu burkutu ya san shi.

Pak Haji ya saki hannun Yaya. Ya shinshina gemunsa. Ya tambaya a hankali da Turanci ko mene ne wannan. Aisyah ta fara hawaye.

Na ce, "Yaya, fassara masa. Ka ce ni ce. Wallahi Musulmin kunu na dama, a baranda ya yi ridda."

"Ke Hauwa, ba zan faɗi wannan ba."

"Ka faɗa, ko in faɗa da Turancina na sakandare."

Ya faɗa, kalma bayan kalma, kamar mai karanta wa kansa hukunci. Pak Haji ya dube ni, ina ɗiga tun daga ɗankwali har takalmi. Kafaɗarsa ta fara rawa don dariya. Ya ce wa liman wanda ya yi ridda a fitar da shi, wanda bai yi ba a ci gaba da shi. Ya miƙa wa Yaya jiƙaƙƙen hannunsa.

Yaya ya zuba jimlar nan da gudu kamar kare ya biyo shi. Shaidu suka ce, "Sah!" Daga can baya wata roba ta amsa.

Ruwan shayin Malay aka sha a bikin. Ni na yini ina tuttular da kunu a kwata, masu wucewa suna toshe hanci suna yi min kallon Allah ya shirya.

Abin da na koya: in ka ari lissafin mashaya, ko me ka dama, giya zai zama. Yanzu in ana biki, ruwan roba ake ba ni in raba. Shi ma Anti Binta ce ke riƙe da makullin sito.