Mai Jitar Bes a Gayyar Alhaji Barau

Wani ne a wani ƙauye tsakanin Faskari da Daudawa, ya yi 'yan shekarunsa a Kaduna, ya dawo gida a shekarar Udoji, wadda aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, da gashi buzu-buzu, da wando mai faɗin ƙafa, da kaya niƙi-niƙi. Tun a tasha ya shaida wa jama'a cewa daga Kaduna har Ikko babu mai kaɗa jitar bes kamarsa. Ya ce akwai ma otal ɗin da aka hana shi wasa, don ranar da ya taɓa igiya mai kaurin nan, sai da kofuna suka sauko daga kan tebur da kansu suka nufi ƙofa.

Kayan nasa su ne doguwar jita mai igiya huɗu, da wani ƙaton baƙin akwati mai lasifika da ya ce sunansa amfilifaya, da ɗan ƙaramin akwati mai maɓallai wai shi firiyam, da wata feda irin ta keken ɗinki, sai wayoyi. 'Yan dako suka kama ƙaton akwatin suna nishi, ya ƙi tashi. Mutumin ya tsaya yana kallonsu har abin ya ba shi haushi. Ya cire hularsa ya naɗa gammo, ya ɗaga akwatin shi kaɗai ya aza a ka, ya rataya jita, ya kama hanya ko tangaɗi babu. Mutane suka ce lalle kiɗan birni yana sa ƙarfi.

A gida, wansa Lawwali ya dubi jitar ya sake duba. Ya taɓa ganin jita a hannun wani malamin makaranta a Ƙanƙara, ita kuwa igiya shida gare ta. Sai ya tambaya ko biyu sun tsinke ne a hanya.

"Yaya, mai shida ai ta masu koyo ce," in ji shi. "In ka ƙware sai a rage maka biyu."

Ya ce ranar da ya je zaɓe, jitoci aka jera masa cike da shago. Ya bi su yana ƙwanƙwasawa kamar mai sayen tukunya, har ya zo kan wannan, ta amsa masa da muryar bajimi.

Da yamma jama'a suka taru a ƙofar gida, ya yi musu bayanin yadda abin ke aiki. Ya ce ita jitar bes ba ta ɗaga murya, raɗa take yi. Sai ta raɗa wa feda, feda ta ƙara wa zancen gishiri ta kai wa firiyam, firiyam ya gyara shi ya kai wa amfilifaya, shi kuma ya yi shela gari ya ji. Akwai wata tsohuwa a wurin, Goggo Hajaratu mai fura, wadda akuyarta ke binta duk inda ta sa ƙafa. Ta gama saurare ta ce, ashe dai gulma ce aka yi wa akwati.

Aka ce to ya kaɗa a ji. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce sai da lantarki. Lantarki kuwa a lokacin, in ba Funtuwa ka je ba, sai dai ka ji labarinsa. Ya zauna ya yi ta yi wa gwamnati faɗa kan yadda take kashe masu basira.

Damina ta faɗi. Lawwali ya miƙo masa fartanya, sai ya ɓoye hannuwansa a hammata. Ya ce yatsun nan ba na fartanya ba ne. In suka yi kanta, igiya ba za ta ƙara gane su ba. Lawwali mutum ne mai haƙuri, ya haɗa gonarsa da ta ƙanen yana nomewa. Shi kuwa gogan kullum yana gindin ɗorawa, jita a cinya, yana goge ta da tsumma, ana kawo masa fura. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu Maijita, Allah ya kawo lantarki." Shi kuma ya amsa da amin, amma a hankali.

Sai ga Alhaji Barau, mai sayen auduga, ya dawo daga Kano da janareto a bayan mota.

Alhaji yana da gona mai faɗi, ya kuma kira gayya. Matsalar ita ce Mani, makaɗin noman garin, ya rataye gangarsa ya tafi aikin lebura a kamfanin titi, gayya kuwa ba kiɗa ai zaman makoki ce. Alhaji ya aika aka kira Maijita, ya ce addu'arsa ta karɓu, ga wuta ta zo har gida. Shi zai yi wa manoma kiɗa.

Maijita ya yi godiya ƙwarai. Sannan ya ce abin baƙin ciki, firiyam ba ya cin wutar janareto, batir yake ci, wani ɗan faffaɗa mai kai biyu, wanda sai a Kaduna. Alhaji ya dubi direbansa Maharazu. Washegari Maharazu ya dawo daga Funtuwa da kwali guda na batir ɗin, ya ce ko zai isa.

Maijita ya juya batir ɗin a hannu, ya ce shi ne. Amma ita feda ba a taka ta da ƙafa tsirara ko da silifa, sai da takalmi mai tudu irin na 'yan birni, nasa kuwa an sace a mota. Ran kasuwar Sabuwa aka kawo masa takalmi mai tudu kamar turmi, ja da fari.

Ya ce kuma feda ba ta son danshin ƙasa. Alhaji ya sa aka ciro ƙyauren zaurensa.

Maijita ya buɗe baki zai ƙara wata, Alhaji ya ce, "Faɗi, ɗana. Mi ya rage? Zamanin ga babu abin da ba a samu."

Ya rufe bakin.

To, a tsakaninmu, mutumin nan ya yi shekaru tare da 'yan kiɗa a Kaduna, wannan ba ƙarya ba ne. Shi ke sauke musu kaya daga mota, ya jera, ya haɗa wayoyi, in an tashi ya naɗe ya mayar. Da suka sami sababbin kaya suka ce ya san inda zai kai tsofaffin, shi ne ya kai su tasha. Igiyar jita kuwa, in ban da da tsumma, bai taɓa taɓa ta ba.

Ranar gayya Lawwali ya fito da fartanya biyu. Maijita ya tambaye shi ta biyun ta wace ce. Lawwali ya ce ba ta kowa ba ce, ya dai ɗauko ta ne ko za a sami wanda ba shi da abin yi.

Aka kai janareto gona a amalanke, aka ajiye a gindin tsamiya tare da akwatunan. Nan fa Maijita ya nuna gwaninta. Ya warware wayoyi ba ko ƙulli, ya soka wannan a nan, ya soka wancan a can, ya ja wata doguwar baƙar waya daga firiyam har bakin kunyar gona, inda aka shimfiɗa masa ƙyaure. Ya ɗora feda, ya hau da takalminsa mai tudu, ya ba tsamiya baya, ya fuskanci majiya ƙarfi sun yi sahu da fartanyu. Har Lawwali sai da ya ɗan ji kunyar fartanyar da ya ɗauko.

Ana cikin haka Goggo Hajaratu ta iso da ƙwaryar fura, akuya na biye. Akuya ba ta yi wata-wata ba ta faɗa wa dawar Alhaji. Alhaji ya ce ko ta ɗaure ta, ko a ci gayya da naman akuya. Goggo ta ce ita ba ta zo da igiya ba, ta ja akuyarta zuwa gindin tsamiya tana mita. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Maharazu ya ja janareto. Ya yi tari, ya yi hayaƙi, sannan ya kama: dum, dum, dum, dum, har ƙasa na rawa.

Maijita ya ce a dakata ya ɗaure igiya. Ya murɗa wannan kunne na jitar, ya murɗa wancan, ya kara kunnensa a jikin jita yana gyaɗa kai. Ya daɗe yana yi. Alhaji ya dubi rana, ya dube shi. Lawwali ya gyara riƙon fartanya ta biyu.

Sai Maijita ya ɗaga murya ya gargaɗe su cewa shi kiɗan bes ba da kunne ake jinsa ba, a ciki ake ji. Duk wanda bai ji ba, to ya binciki cikinsa. Ya yi bisimilla, ya runtse ido, ya fizgi igiya mai kaurin.

Dum, dum, dum, dum.

Ya buɗe ido ɗaya. Ba wanda ya yi dariya. Wani ƙato a farkon sahu, Gide, ya dafa cikinsa ya ce wallahi ya ji shi nan ƙasan cibiya. Ya duƙa ya kai sara. Na kusa da shi ya bi. Kafin ka ce me, sahu gaba ɗaya ya duƙa, fartanyu na sauka tare, dum a sara, dum a ja, ƙasa na tashi.

Maijita ya sake fizgar igiya. Dum, dum. Ya fizgi ta kusa da ita. Dum, dum. Ya haɗa biyu ya fizga, ya ji kiɗan bai ɓaci ba. Nan ya fara tunanin ashe abin ba wuya, 'yan Kaduna ne kawai ke ɓata fuska don a ce suna aiki. Ya gwada sakin igiyar ya share gumi, ya ji kiɗa na ci gaba, ya ce a ransa lalle firiyam ɗin nan mai kyau ne, har ajiya yake yi.

Can ya tuna da feda. Ya ɗaga takalmi ya taka ta da ƙarfi. Daidai lokacin janareto ya shaƙe, ya yi gurnani, ya saki baƙin hayaƙi, sannan ya dawo daidai.

"Kun ji aikin feda," in ji shi.

Manoma suka ce ya ƙara. Ya ce ba a yi mata yawa, tana da zuciya.

Daga nan sai ya saki jiki. Ya karkace, ya lanƙwashe, ya ɗaga jita sama, ya sauke ta har gwiwa, ya yi ta girgiza gashi. Ya kama yi wa manoma kirari ɗaya bayan ɗaya. Gide ya fitar da kunya ya shiga wata ko miƙewa bai yi ba. Gonar da aka yi zaton za ta kai la'asar, kafin azahar an gama da ita.

Maharazu ya kashe janareto, kiɗa ya tsaya cak. Jama'a suka dawo gindin tsamiya suna haki. Alhaji ya ce tun da yake kiran gayya bai taɓa ganin irin ta yau ba, Mani ya yi zamansa a kamfanin titi. Ya ce daga yau duk wanda ya ƙara miƙa wa Maijita fartanya, shi da shi ne. Lawwali ya sunkuyar da kai, ya tura fartanya ta biyu bayansa da ƙafa.

Aka ba Maijita ludayin farko. Ya sha, ya goge baki, ya ce wannan ai somin-taɓi ne, rabin ƙarfin firiyam kawai ya buɗe don ya ga akwai tsofaffi a wurin. Ya ce a Ikko in ya buɗe duka, jiragen ruwa tsayawa suke yi su saurara. Sai idonsa ya faɗa kan akuyar Goggo, tana kwance a jikin amfilifaya tana tuƙa.

"Ku ma dai ku duba," in ji shi. "Dabba ba ta ƙarya. Akuyar nan da ba ta zama wuri ɗaya, ga dawa ɗanya a gabanta, amma tun da na fara kiɗa ta kasa tafiya."

Goggo Hajaratu ta ajiye ludayi, ta kama wata baƙar waya da ta zagaye tsamiya ta ƙare a wuyan akuya, ta ɗaga bakinta mai ƙarfe tana kaɗawa.

"Ina za ta tahi, ɗan nan? Tun kahin a tada inji na zare wagga igiya taka daga ɗan akwatin na ɗaure ta da ita."