Ranar da Na Zama Ƙasar Sin

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da makarantarmu ta Funtua ta je gasar wasan kwaikwayo a Malumfashi. Malamin tarihinmu ne ya tsara wasan: Rasha da Japan da Amurka sun zauna suna cinikin wanda zai riƙe layin dogo da garuruwan da ke gefensa, alhali layin a cikin ƙasar Sin yake. Ni aka ba Sin.

Na cika gida da baki (wai ni ce ƙasar da ta fi kowa jama'a), har Goggo ta shigo mota daga Bakori don ta gan ni. Abin da ban gaya wa kowa ba, ko kalma ɗaya ba ni da ita a wasan. Malam ya ce, "Ki zauna ki yi tagumi kawai, don su ma mutanen Sin ba a tambaye su ba. Kika buɗe baki muka faɗi, ni da ke ne." (Ya san ni da surutu.)

Wasa ya yi nisa. Rasha ta ce za ta zuba soja a tashoshi, Japan ta ce sai dai a raba, ni kuwa ina ta rafka tagumi. Sai muryar Goggo ta ratsa zauren: "Ke 'yar nan! Ana raba gonarki kin yi zuru? Abin da na taso daga Bakori in gani ke nan?"

Dariya ta ɓarke, har da alƙalai. Na ji kamar in nutse. Wallahi kunya ce ta miƙar da ni, ba jarumta ba. Na dubi Rasha (Bala ne ɗan ajinmu, da gemun auduga) na ce, "Malam Rasha, a garinmu wanda aka ara wa gona ko bishiya ba ya dasawa, don kada gobe ya ce tasa ce. Ku kun dasa ƙarfe, yanzu kuma soja za ku dasa? Ku tashi mini daga gona!"

Bala ya daburce, ya tashi da gaske. Japan ta bi bayansa, Amurka ta rasa abokin ciniki. Zaure ya kaure da tafi. Alƙalai suka ɗauka haka aka tsara, suka ba mu na ɗaya, Malam ya karɓi kofi yana murmushi yana hararata.

Tun daga ranar na gane: in manya suka ba ki kujera suka hana ki baki, ki tafi da goggonki.