Ranar da Na Tona wa Kaina Asiri a Ajin Manya

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuma sabon malami ne, na fito daga kwalejin horon malamai da takardar shaida, da farin wando, da girman kan da ya fi ƙarfin wuyana. Aka turo ni wata 'yar makarantar elemantare a ƙasar Karaye. Mu uku ne malaman kaf.

Hedimastanmu Malam Habu ne, dattijo, mutumin Fulatan. Ranar da na sauka ban san kowa ba, shi ya ba ni ɗaki a ƙofar gidansa, kuma kullum sai an fito mini da kwanon tuwo. "Malam ƙarami" yake ce mini. Ni kuwa abin da na fi gani a jikinsa shi ne Turancinsa bai kai nawa ba. In ya yi kuskure a gaban ɗalibai sai in ji kamar an soke ni, in ce a raina, kujerar hedimastan nan ai da ni ta dace. (Kujerar katako ce fa, ƙafa ɗaya ma da dutse ake tokare ta.)

Kowace Alhamis da hantsi Malam Habu yakan hau kekensa ya tafi Fulatan. Na san dalili sarai: mahaifiyarsa ce kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Amma sai na zauna na rubuta wa Baturen makaranta wasiƙa da Turanci, na ce hedimasta yana barin aiki ya tafi gonarsa. Da hannun hagu na rubuta don kada a gane rubutuna, ban sa suna ba. Na manna kan sarki, na ba wani direban babbar mota ya jefa mini a gidan waya a Kano.

Motar ba ta gama ɓacewa ba na fara nadama. Na daina iya cin tuwon gidan. In Malam Habu ya kira ni daga nesa, sai in tsaya ina nazarin muryarsa. Sau biyu ina zuwa bakin ofishinsa da niyyar in faɗa masa, sau biyun ina ɓigewa da tambayar alli.

To, bayan la'asar ina koya wa manya karatun boko a ƙarƙashin wata rumfa: 'yan kasuwa, maɗinka, maƙera. Don su daina gudu da wuri, sai na riƙa ba su labarin wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingilishi da muka karanta a kwaleji, kaɗan-kaɗan, da Hausa. Labarin wani sarkin yaƙi ne jarumi wanda kwaɗayin mulki ya shiga ransa, matarsa ta ƙara zuga shi, ya kashe sarkinsa da ya sauka a gidansa, ya hau gadon sarautar. Daga nan shi da matar ba su sake samun kwanciyar hankali ba har suka hallaka. Mutanena suka kamu da labarin. (Ni kuma, ku yarda da ni, ko sau ɗaya ban ga kaina a ciki ba. Turancina kawai nake jin daɗi.)

Mako uku da tafiyar wasiƙa, Malam Habu ya ce mini, "Malam ƙarami, Baturen makaranta zai zo ran Laraba. Ya ce kai musamman yake son gani, kuma a ajin manya."

"Ni, ranka ya daɗe? Me na yi?"

"Kai ka sani," ya ce, yana murmushi.

Wannan murmushi ya hana ni sakat har kwana huɗu.

Laraba ta zo. Aka share rumfa, aka yayyafa ruwa, aka kawo kujeru biyu. Bature ya zauna, dogo, jajir da zafi, Malam Habu a gefensa. Tun daga gaisuwa na hango bakin wani ambulan a aljihun rigarsa. Idona ya kafe a kai. Na rubuta baƙaƙe a allo, allin ya karye sau uku.

Da aka gama karatu sai Tanko maɗinki ya ɗaga hannu. Mutum ne mai baki, ba ya iya riƙe magana. Ya ce, "Malam, yau ba za a ƙarasa mana labarin sarkin yaƙin nan ba?"

Bature ya tambayi wane labari. Da na gaya masa sai fuskarsa ta washe, ashe tun yana yaro ya san wasan. Da Hausarsa mai kauri ya ce yana so ya ji yadda mutanen Karaye suka ga wannan sarkin yaƙi.

Tanko ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, ni ba kisan ne ya fi ci mini rai ba. A'a. Sarkin da ya kashe ɗin nan fa shi ya ɗaukaka shi, jiya-jiyan nan ya ƙara masa girma. Ya yarda da shi har ya saki jiki. Wanda ya yi maka haka, ka bi ta bayansa? Wannan ko a kasuwa ba na zama inuwa ɗaya da shi."

Jama'a suka ce, "Ƙwarai kuwa!"

Na ji gumi ya gangaro mini ta baya.

Sai Alhaji Sule mai goro, wanda daga Rogo yake zuwa a kan keke don karatun nan, ya karɓa. A hankali yake magana, kamar alƙali. "Abin da na lura, babu wanda ya kama shi. Shi ya dinga kama kansa. Mai cin amana ba sai an bincike shi ba. Ka ajiye shi a gaban jama'a kawai, ka dube shi. Abinci ba ya shiga, magana ba ta fita daidai, ga gumi."

Kowa ya juyo ya dube ni. (Yanzu na san dalili: ni ne malami, ni ne a tsaye, wa za su duba? A lokacin kuwa na tabbata an shirya mini ne tun daga Kano.)

Bature ya yi dariya, ya ce madalla. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro ambulan ɗin. Ya ce, "To, Malam, akwai wata takarda da ta zo ofishina daga garin nan. Ina so in yi maganarta a gaban jama'a, saboda kai ta shafa."

Na dubi Malam Habu, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Takardar ta fara buɗewa. Ban san lokacin da bakina ya ƙwace mini ba.

"Ni ne, ranka ya daɗe! Ni na rubuta! Da hannun hagu na rubuta! Kuma ƙarya na yi, ba gona yake zuwa ba, mahaifiyarsa yake dubowa!"

Rumfa ta yi tsit. Har kukan wata akuya daga bayan kasuwa na ji.

Bature ya dubi takardar, ya dube ni. "Ka rubuta me?"

Takardar hannunsa ta Malam Habu ce. Ya rubuta ne da Turancin nan nasa da nake rainawa, yana roƙo a ba ni shugabancin sabuwar makarantar da za a buɗe a wajen Rogo, wai ni yaro ne mai ƙwazo da riƙon amana. Bature ya zo ne ya gan ni da idonsa ya sanar. Tawa wasiƙar kuwa, da na gama bayani ina in'ina, sai ya ce duk takardar da ba suna akawu yake yayyagawa, ba ta ma isa teburinsa.

Ya ninke takardar a hankali ya mayar aljihu. Tanko ya ce, "Innalillahi! Malam, ashe labarin naka ne?" Wani ya tuntsire da dariya, Alhaji Sule ya daka masa tsawa. Ni dai ina tsaye riƙe da guntun alli, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Malam Habu ne ya fara magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a zuwa Fulatan ɗin dai yaron nan bai yi ƙarya ba. Ina zuwa, kuma ban nemi izini ba." Nan take Bature ya ba shi izinin Alhamis, ya ce ni zan riƙa riƙe masa ajinsa a kan nawa. Sabuwar makaranta kuwa wani aka ba.

Washegari da safe na same shi a zaure na durƙusa. Na shirya dogon jawabi, amma kuka ya riga ni. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Na yafe maka, Malam ƙarami. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Da ka tambaye ni kujerar, da na gaya maka ciwon baya take sa wa. Tashi ka wanke fuska, kada yara su gan ka haka."

Shekara huɗu na ƙara a ƙarƙashinsa, bai sake tayar da maganar ba. Garin ne bai manta ba. Har na bar Karaye, in na ratsa kasuwa sai in ji wani daga cikin rumfa ya ce, "Malam Ni-ne, barka da hantsi!" Dole in amsa.

Yau mutane suna cewa ni dattijon kirki ne, ba na munafurci. Ina karɓar yabon, amma na san gaskiya. Na gwada mugunta sau ɗaya, na gano ba ni da cikin da zai riƙe ta. Duk mai shirin yi wa wani ƙulli, ya fara auna ko zai iya tsayawa a gaban mutum ashirin suna kallonsa bai yi ihu ba. Ni ban iya ba, shi ya sa na haƙura na zama mutumin kirki.