Murfin da Ba Sukuru

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da safiyar da wata yarinya sa'ar autata ta ɗaga motar da na fi ji da ita, ta sake ta ta faɗi ƙasa a gaban mutum kusan talatin.

Sana'ata sassaƙa motocin wasan yara da katako, a nan Zongon Kumasi. Kafin in zauna wuri ɗaya na yi yawo: Abijan, Legas, Jidda, sai Jamus inda na yi shekaru ina goge katako a wata masana'antar kayan wasa. Ina jin Asantanci da Turanci da Faransanci, da Jamusancin da zai ishi mutum sayen burodi. Daga can na dawo da wani ɗan littafin ƙa'idojin kayan wasa, na naɗe shi a leda na ajiye tare da tsohon fasfona. Abu biyu na haddace a ciki: ban da fenti mai dalma, ban da ƙusa ko wani ƙarfe mai tsini da zai ji wa yaro ciwo. Saboda haka fiye da shekara ashirin ƙarfe bai shiga motata ba. Itace nake fiƙewa in haɗa da gam. (Duk wanda ya taɓa zama a shagona ya ji wannan bayani, wasu har sau goma, ba tare da sun tambaya ba.)

Bara na ce bari in bi zamani. Na sayo ƙananan fitilu a shagunan unguwar Adum, masu aiki da batir ɗin nan shafaffe mai kamar kwabon pesuwa. Na fafe masa gurbi a ƙarƙashin motar, na yi masa murfin katako mai zamewa, babu ƙusa babu sukuru. A goshin motar, kamar yadda direbobin garin nan suke yi, na rubuta: Na Ga Duniya.

Wata mata mai makarantun renon yara a Krofrom ta gani ta ce tana so da yawa, aikin da zai riƙe shagon shekara guda. Sharaɗinta ɗaya, takardar shaida daga hukumar da ke duba ingancin kaya. Ana haka ƙungiyarmu ta masu sana'ar hannu ta gayyato jami'ar hukumar, Madam Afiya, ta yi mana bayani a wani zaure kusa da Manhyia. Na sa babbar riga, na ɗauki motar da littafina.

Ta fara ke nan da cewa ana sabunta ƙa'idojin nan lokaci-lokaci, na ɗaga hannu. Allah ya sani tambaya na yi niyya, amma da na miƙe sai na tarar ina wa'azi. Na kwatanta yadda Bajamushe yake auna abu sau uku kafin ya yanka, yadda a Abijan takarda ta fi kayan muhimmanci, yadda mu nan sai abu ya lalace muke neman dalili. Malam Hamidu, maƙwabcina mai ɗinka 'yar tsana, yana ta ja mini gefen riga, ina fizgewa. Na rufe da cewa wanda ya riƙe ƙa'ida tun daga tushe ba ya bukatar a sabunta masa komai.

Ba ta katse ni ba. Ta karɓi littafin, ta duba bayansa, ta ce da Asantanci, a hankali, tana firamare lokacin da aka buga shi. Ta karɓi motar, ta shafa gefunanta, ta yaba santsin aikin. Na gyara zaman hula. Sai ta ce gwajin farko shi ne abin da kowane yaro zai yi, ta ɗaga ta daidai ƙugunta ta saki.

Motar ba ta ko tsage ba, wannan kam a rubuta mini. Murfin ne ya zame. Batir ɗin ya fito ya mirgina a kan siminti, yana tafe ba gaggawa, kowa na bin sa da ido, har ya je ya kwanta a jikin takalmin Malam Hamidu.

Ta ɗauko shi ta jefa cikin wani ɗan bututu da aka yi daidai maƙogwaron ƙaramin yaro. Ya shige. Ta bayyana cewa idan yaro ya haɗiye irinsa, cikin 'yan awoyi yake ƙona masa maƙoshi, shi ya sa yanzu ake so murfin ya kasance ba ya buɗuwa sai da sukurudireba.

"Papa Alhaji, littafinka bai yi ƙarya ba," in ji ta. "An dai yi ta ƙari a kansa tun bayan dawowarka."

Malam Hamidu ya ɗauki motar ya karanta goshinta da ƙarfi. "Ka gan ta kam, Alhaji. Amma ka daɗe ba ka leƙa ta ba."

Ana cikin dariya na tuna motar farko da na sa wa fitila tana gidana, a hannun jikata Nana, 'yar shekara biyu da ko takalmi ta samu sai ta kai baki. Nan take kunyar ta bar ni. Na fice ban yi sallama ba, na bar littafin a kan tebur. Da na isa, na sami Nana a tsakar gida tana tauna tayar motar, murfin yana nan a wurinsa. Na ƙwace, ta tsala ihu. Matata Hajiya ta ɗago daga kan tukunyar wake da shinkafa ta tuna mini cewa jiya-jiya na ce motar nan ta fi cokali aminci.

Guda tara na riga na sayar a cikin Zongo. Kwana biyu ina bi gida-gida da babbar rigata ina karɓowa, ina maimaita bayanin Madam Afiya ga mutanen da suka saba jin nawa. Na sa wa kowace sukuru, na kai wa Madam Afiya ɗaya ofishinsu. Ta kwance shi, ya faɗo a tafin hannunta, ta jefa shi cikin bututun nan. Shi ma ya shige. Ashe akwai irin wanda ko an kwance yana maƙale a jikin murfin. Na zagaye shagunan Adum har na samo, na sake komawa, a gwaji na uku aka ba ni takardar. Motocin suna Krofrom yanzu, yara na jifa da su yadda suka ga dama.

Tun daga nan, duk bayan wata uku nake zuwa ofishin in tambayi abin da ya sauya, har mai gadinsu ya san ni. Kowace mota kuma sai na sake ta ƙasa da hannuna kafin ta bar shago, masu wucewa na zaton rikicin tsufa ne.

Littafin, Malam Hamidu ya kawo mini shi washegari. Yana nan a ƙarƙashin ƙafar teburin aikina da ke rawa, kuma a wannan aikin har yau ba a sabunta shi ba. Ni kuwa na koyi cewa idan na ɗaga hannu a taro, in tabbata tambaya ce a bakina.