Rasuwar Awon-Kowa, Fayil ɗin Shagon Ɗinki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Uwar Shago tana sanar da 'yan uwa da kwastomomi rasuwar Awon-Kowa, fayil ɗin da ke riƙe da awon duk wanda ya taɓa ɗinki a wurinta. Ya cika ranar Talata da hantsi, a cikin tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin karɓar baƙi.

Marigayin mai riƙon amana ne. Ya san ƙugun kowa da tumbin kowa, bai taɓa fallasa ko ɗaya ba. Kwamfuta uku yake yi wa hidima, ta karɓar baƙi, ta ɗakin yanka, da ta Uwar Shago a sama. Aibinsa ɗaya ne, ba ya son mutum biyu su yi rubutu a cikinsa lokaci guda. In ka shiga wani na ciki, sai ya yi ƙara "ƙin!", ya rubuta, "An kulle, wani na ciki." Sau da yawa babu kowa a cikin, amma an yi masa uzuri, tsufa ne.

Saboda halin nan nasa Uwar Shago ta kafa doka: akwai wani tsohon almakashi mai jan mariƙi, wanda yake hannunsa shi kaɗai zai buɗe marigayi. Shekara da shekaru ana zaune lafiya a haka.

Makon jiya almakashin ya ɓace. Ƙanwar Uwar Shago, mai karɓar baƙi, baiwar Allah mai son gyara, ta sayo irinsa sak. Ranar Talata kuma Mai Yanka ya tsinci na asalin a cikin buhun ƙyallaye. Kowannensu ya zauna da almakashinsa da gaskiyarsa. Marigayi ya yi "ƙin!" har ya gaji. Mai Yanka, da ya ga doka na hannunsa, ya goge ɗan fayil ɗin kullen da ke gefe, kamar yadda aka saba yi in an ɗauke wuta kulle ya maƙale. Ya shiga, mai karɓar baƙi kuma tana ciki, suka danna ajiyewa tare.

An kashe an kunna, an cire waya an mayar. An ɗauko mai gyara, ya duba izinin kowace kwamfuta, ya gwada farfaɗo da shi, daga ƙarshe ya cire tabarau ya girgiza kai. Uwar Shago ta zauna daɓas a kan matakala.

Ya rasu ya bar kwamfuta uku, almakashi biyu, da magaji guda, wato kwafinsa, a cikin filas ɗin kwamfuta, wanda rabon da a sabunta shi shekara uku ke nan. A wurin magajin nan, samari duk yara ne, masu tumbi duk sirara.

Ya kuma bar leshin amarya a shimfiɗe a kan teburin yanka. Bikin ranar Asabar ne, uwar amarya ita ce kwastomar da ta riƙe shagon nan tun yana da keke ɗaya, leshin kuma babu irinsa a kasuwa. Amarya tana wurin aiki a nesa, ba za ta sauka ba sai Juma'a da yamma. An kira ta a waya, ta faɗi awon da take fata, wanda ko mahaifiyarta ba ta yarda da shi ba. In aka yanka ba daidai ba, Uwar Shago ta san shagon ne zai bi marigayi.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis da safe, a kai shi kwandon shara na kwamfuta. Ana karɓar gaisuwa a shago, a tsaye, hannuwa a buɗe, Mai Yanka zai bi layi da tef ɗin awo. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya. Sannan Uwar Shago na roƙo, don girman Allah, duk wata gwaggo ko ƙawa da ta rungumi amarya kwanan nan, ta zo da wuri ta nuna faɗin amaryar da hannu.