Rasuwar Shuɗiya, motar Baban Gareji

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, iyalan Baban Gareji, tsohon bakaniken da ke bakin titi, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa ta ɗaukar kaya, wadda kowa ya sani da suna Shuɗiya. Ta cika ranar Talata da hantsi, a hawan gada, bayan shekara ashirin da bakwai tana hannunsa.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa kwanar da shi a hanya ba. Da safe takan yi tari sau biyu, "kuhu, kuhu", sannan ta daidaita murya. Tun daga kan kwana mai ɗakinsa ke gane ƙararta, kafin ya yi sallama ruwan wanka ya hau wuta. Ita ta kwaso yashin da aka gina gidansu, ita ta kai mai ɗakin asibiti a haihuwa huɗu, kuma babu maƙwabcin da ya yi ƙaura ba ta ɗauki gadonsa ba. Aibinta ɗaya, ƙofar hagu sai ta waje take buɗuwa.

Ciwon ajali ya fara da hayaƙi da shan baƙin mai. Baba ya sauke injin da kansa, ya wanke komai, ya jera a kan tebur. Da aka zo ɗaure konrod, ƙarfen nan da ke haɗa fistan da kiranshaf, sai babbar 'yarsa, wadda ta karanci kanikanci a makaranta, ta kawo masa sabbin notuna da sifana mai awo, irin wadda kan yi "ƙas" idan ɗauri ya kai.

Ta ce, "Baba, tsofaffin nan sun riga sun miƙe. A sa sabbi, a shafa ɗan mai a zaren notunan, a ɗaure kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, har a kai awon da littafin injin ya faɗa."

Ya yi murmushi. "Uwata, tun ba a haife ki ba hannun nan ke ɗaure konrod. Shi ne awona."

Ya mayar da tsofaffin. Ya ɗaure, ya ji kamar da saura, ya zura bututu a sifana ya ƙara ja. Ita kuwa ta tattara kayanta, don ɗa ba ya ja da uba a gaban mutane.

Kwana tara Shuɗiya ta yi tana gudu kamar sabuwa. Baba har tsayar da mutane yake yi su saurari injin. A rana ta goma, da lodin bulo a baya da 'yar tasa a gefensa, marigayiya ta yi wata murya da bai taɓa ji ba, "ƙwas, ƙwas, ƙwas". Kafin ya ɗaga ƙafa sai "gau". Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Konrod ya fasa cikin injin ya leƙo waje, baƙin mai ya malale a kwalta.

Baba ya durƙusa ya laluba cikin man, ya tsinto guntun noti. Wuyan notin ya sirance kafin ya tsinke. Bakanike ba ya buƙatar a fassara masa wannan: ɗauri ne ya yi wa tsohon noti yawa. Ya daɗe a durƙushe, motoci na kauce masa, har 'yar ta dafa kafaɗarsa.

Ta ce, "Tashi, Baba. Rana ta yi zafi."

Masu zuwa jaje sun so su rage masa nauyi. Wani ya ce man ne jabu, wani ya ɗora wa mai gyaran kiranshaf. Baba ya hana. Ya ce, "Kada a ɗauki alhakin kowa. An faɗa mini gaskiya a cikin garejina, na ƙi ji. Ni na kashe ta." Shi ya nace a rubuta haka a wannan sanarwa.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu masu sauran kwana, da batir ɗan wata shida, da rediyon da ba ya kama tasha sai ɗaya. Ta bar mai gida wanda har yau yakan zaro makulli daga aljihu da safe, ya tsaya, ya mayar.

Ana karɓar gaisuwa a gareji, a kan bencin da ke ƙarƙashin rumfa. Ya isa a ce Allah ya mayar da alheri. Ranar Asabar da safe za a ja ta da igiya zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa, inda za a yanka ta bayan iyalai sun watse. Baba ne zai riƙe sitiyari, ya ce ba za a kai ta a bayan wata motar kamar kaya ba. Direban da zai ja ya yi masa alkawarin ba zai wuce giya ta biyu ba.