Gizo-gizon da Na Ɗora a Tafin Hannuna

Ko na so mantawa da bikin Asma'u, ɗiyar baffana, matan Ƙofar Marke ba za su bar ni ba. Lokacin Nasara ba su daɗe da shiga Sakkwato ba, kowa na cikin zullumi, ni kuwa babban aikina shi ne rera wa gizo-gizo baitoci. Tun da na karanta yadda ya yi saƙa a bakin kogo lokacin Hijira na ɗauke shi waliyyi, har na haddace yadda ake gane mugu a cikinsu: baƙi ne, mai sheƙi, da jan tabo a cikinsa.

Ranar ƙunshi Inna ta ja ni gefe ta ce, "Goggo Hajo ta zo dubin ki don ɗanta. Natsuwa taka so, ki kama kanki." (Ɗan nan kuwa na taɓa hango shi ta katanga, na yi masa baiti tun ban san sunansa ba.)

Ana buɗe kwandon zannuwan amarya sai ga gizo-gizo ya fito. Mata suka watse, wata ta ɗauko takalmi. Na ce a raina ga ranar nuna ilimi ta zo.

"Kada ku kashe bawan Allah," na ce, murya a sanyaye. "Mai dafi jan tabo gare shi a ciki. Wanga ba ya da komi."

Goggo Hajo ta ce, "To ke, ɗiyata, kin ga cikin nai?"

Ban gani ba. Sai na ɗora shi a tafin hannuna, na sa tsinke na birkice shi don kowa ya shaida. Ga jan tabo nan, kamar an ɗiga masa lalle.

Waliyyina ya miƙe ya bi damtsena da gudu. Na kurma ihun da ya tashi tantabarun maƙwabta, na yi jifa da kallabi, na taka ƙwaryar lalle, na faɗa jikin Goggo Hajo muka zube tare. Bai ko cije ni ba, marar kunya.

Goggo Hajo tana kakkaɓe zanenta ta dubi Inna. "Ɗiyarki akwai karatu. Allah shi ba ta miji mai ƙarfin zuciya, nawa ɗan bai kai ba."

Tun ranar na gane cewa alamar da sai ka riƙe abu a hannu kafin ka gan ta, gara ka bar wa mai takalmi.